Ninki Ɗari Shida

Shekara talatin Baba ya yi yana zana wa ɗalibai tauraron Zuhal a allo, ƙwallo da zobe kewaye da shi, amma bai taɓa ganinsa da idonsa ba. Da hawan jinin ido ya cinye masa na hagu, likita ya ce na daman ma watanni suka rage masa, sai ya tara mu ya ce abu ɗaya yake so kafin duhu ya rufe shi: ya ga zoben nan.

Ni ce auta, aikina yanka gilashi a shagon tabarau. Mai shagonmu yana da madubin hangen nesa da ya haɗa da hannunsa, mummuna kamar bututun kwata, amma bakinsa ya kai faɗin faranti. Shi ya koya mini cewa faɗin baki ne ke tara haske. Ninki kuwa, wato girman da madubi ke ƙara wa abu, ba ya kawo haske, sai dai ya baza ɗan wanda aka tara. Na roƙi aro, na kinkimo shi a tasi har gida.

Ranar kuma Yaya ya sauko daga ɗakinsa na saman bene rungume da kwali mai sheƙi. An rubuta ninki ɗari shida a jiki da jan rubutu ɓaro-ɓaro. Da ya buɗe, na ga bakin abin bai fi na kofin shayi ba.

"Yaya, wannan in ya wuce ninki ɗari da ashirin sai dishi-dishi," na ce. "Ganyen shayi ɗaya ne za ka zuba wa ruwan tukunya."

"Naki nawa ne?"

"Ɗari zan sa masa."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Baba, ka ji malamar lissafi! Ɗari da ɗari shida wa ya fi? Auta, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba."

Na dubi Baba. Ya san ina da gaskiya, malami ne. Amma sai ya ce, "Auta, kai na mutane ɗaki. Yayanki ya yi ɗawainiya."

Rana na faɗuwa muka hau rufin bene. Ƙafafun abin Yaya sirara ne, ko tari ka yi sai ya girgiza. Ya yi ta fama yana gumi, da ya kamo tauraron sai ya sulale ya fice. Da ƙyar ya tsayar da shi. Baba ya sunkuya, ya kanga idon dama, ya daɗe yana leƙe.

"Masha Allah," ya ce. "Ga zoben nan kuwa."

Yaya ya ɗauke shi hoto da waya, nan take ya tura wa dangi. Da na samu na leƙa, abin da na gani wani ɗigon rawaya ne yana rawa kamar mai a kan ruwa. Babu zobe, babu dalilinsa. Raina ya ɓaci.

Da nake ɗiga masa maganin ido a ɗaki, na ce, "Baba, tsakani da Allah me ka gani?"

"Na ga yayanki yana murna."

"To gobe zan fito da na aro."

"Ta ƙofarsa ake hawa rufin nan. In na leƙa naki, na ƙaryata shi, na ƙaryata kaina. Bari ya yi tafiya tukuna."

Yaya bai yi tafiya ba. Mai shago ya karɓi kayansa. Zuhal ya riƙa faɗuwa da wuri har hasken rana ya haɗiye shi, kuma kafin ya dawo sararin yamma, Baba ba ya bambance taga da bango. Madubin Yaya kuwa yana falo a tsaye ana goge masa ƙura, hoton Baba a rataye kusa da shi, kowane baƙo sai an ba shi labari. Ni ko ruwa na kawo, ba na kallon wajen.

Wata yamma na sake aro, na riƙo hannun Baba muka hau. Na sa ninki ɗari, na leƙa. Nan da nan hawaye suka cika mini ido.

"Ya kamanninsa suke?" in ji Baba.

"Ɗan mitsitsi ne, Baba, bai kai ƙwayar wake ba. Amma zoben tar, har baƙin ratar da ke tsakaninsa da ƙwallon ina gani."

Ya lalubo jikin bututun, ya shafa bakinsa da yatsu, yana auna faɗin.

"Na zana shi daidai?"

"Daidai, Baba."

Ya gyaɗa kai. Can ya ce, "Rage murya, Auta. Kada yayanki ya ji."