Takardar Zuciyar Arzika

"Malam, duba man, mi ya samu takardag ga?"

Arzika ne, maƙwabcina manomin albasa, tsaye a ƙofar zaurena yana haki. Ya miƙo min wani abu mai sheƙi, baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.

Kwana uku kafin nan likitocin sa-kai sun sauka Bodinga da na'urar auna zuciya. Arzika ya je, domin sau biyu yana yanke jiki a fadama. Ni na raka shi. Tun rasuwar matata Ladi ba ni da aikin da ya wuce karatu da rakiyar marasa lafiya. Likitan ya daɗe yana duba layukan da na'urar ta zana, sannan ya ce wani wuri a ƙasan zuciyar ya ɓalle yana bugun kansa.

"Kamar mata biyu suna lugude a turmi ɗaya, ɗaya ba ta sauraron ɗaya," in ji shi. "Sau da yawa ba ya cutarwa. Amma tunda kana faɗuwa, kai wa likitan zuciya a Sakkwato. Ba kullum ake kama shi ba, Baba. Adana takardar nan."

Arzika kuwa ya adana. Ya kai ta shago kusa da tasha aka yi mata laminetin, aka manne ta cikin leda da zafi, kamar takardar gonarsa. Irin wannan takarda zafi ke rubutu a kanta, zafi kuma ke cinye ta. Likitan da ya samu lokacin misalin turmi bai samu na faɗin haka ba.

Muka tafi wani asibiti a birni. Wani ma'aikaci ya karɓi takardar ya juya ta, ya kira abokin aikinsa suka yi dariya.

"Baba, allo ka kawo muna?"

"Ku sake auna shi," na ce.

Suka auna, ko minti ɗaya bai cika ba. Layuka suka fito sumul. Na maimaita bayanin likitan, har da sunan ciwon da na rubuta a littafina, farasistoli.

"Malam, kai al likita ko mu? Gajiya ce. Shi dawo bayan wata ukku."

Wata uku. Ladi bayan wata biyu aka ce ta dawo, ba ta kai ba.

A mota Arzika ya dafa gwiwata. "Bar hushi, Malam. Laihina ne, ni na ƙona musu takarda."

Musu! Har yau kalmar nan ke hana ni cin tuwo.

Arzika ya yanke jiki ya faɗi wata ranar Laraba da hantsi yana ban ruwa, fuskarsa cikin albasa. Masu gaisuwa suka ce kwana ya ƙare. Ban musa ba. Kwanan ne dai bai iya jiran layi ba.

Bayan sadakar uku, Zulaihatu matarsa ta aiko min da takardar, wai ni ne mai karatu. Na fita tsakar gida na ɗaga ta saitin rana, na karkata ta hagu da dama. Babu ko layi ɗaya, sai fuskata a cikin ledar.