Godiyar Mai Gyaran Agogo

Mai gyaran agogo ba ya godiya sai ransa ya ɓaci. Duk gidan an san haka. In aka kawo masa abinci ya huce, ko aka taɓa masa kayan aiki, sai ya ɗaga gira ya ce, "To, na gode," kowa ya shiga taitayinsa. Da wannan godiyar matarsa ta zauna har Allah ya yi mata rasuwa, da ita 'ya'ya suka girma suka watse. Yanzu daga shi sai agogunan da masu su suka manta, a ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene, kowanne na faɗin lokacin da ya ga dama. Kaɗaici na cinsa, girman kai ya hana shi faɗa.

Cikin 'ya'yan, Auta ce kaɗai ke kiransa, ita ma kiran ya fara nisa. Ba abin da yake tsoro kamar ranar da wayar za ta yi shiru ɗungurungum.

Likitar da ke duba shi ta kwance masa abin awo daga hannu ta ce, "Baba, jininka lafiya lau. Zaman ne ba ya maka daɗi. Ga magani, ba na saye ba: kullum ka nemi mutum ɗaya ka gode masa, da bakinka, ya ji da kunnensa."

"Yanzu godiya ma sai likita ya rubuta?" Ya yi tsaki ya fita. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Washegari da hantsi ya buɗe shago, ya share teburin da ba ya buƙatar shara, sannan ya kira Auta.

"Auta, na gode."

Muryarta ta yi ƙasa-ƙasa, kamar lokacin tana firamare. "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Wallahi aiki ne ya sha kaina. Me na yi kuma?"

Kalma ɗaya aka aike shi da ita, ashe tuntuni ya lalata ta da bakinsa.

"Ba irin waccan ba ce," ya ce da kyar. "Lokacin jinyar mamanki, ke kika riƙa yanke mata farce, kina mata hira har ta yi barci. Ina bakin ƙofa, ina gani. Ban ce komai ba. Ita nake gode miki."

Ya ji tana jan hanci.

"Baba, ashe kana da wata godiyar." Sai ta ƙara da cewa, "Mama ta taɓa jin irin wannan?"

Ya dubi agogunan ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ke tafiya baya.

"A'a," ya ce.



"To zan kira gobe," ta ce. "Ka sake faɗa, ko kunnena ya saba."