Man Gyaɗar Tasalla

A zamanin Turawa ne Badaru ya sayar da gonarsa ta gado a Karare, ya sayo tsohuwar lori don jigilar gyaɗa daga Batsari zuwa Katsina. Matarsa Tasalla, wadda ta yi suna wajen tuyar ƙuliƙuli, ita ta fara rangaɗa guɗa ranar da motar ta shigo gari.

Da damina ta yi nisa, gulbi ya yanke hanya, baƙin mai ya yi wuya. Injin kuwa tsoho ne, shan mai yake yi ba ƙaƙƙautawa.

Tasalla ta ce, "Maigida, mai ai mai ne. Ga nawa nan, tatacce, ko gishiri bai taɓa shi ba."

Badaru ya yi dariya, amma ya zuba kwalba biyu. Ƙarar injin ta yi laushi. Tun daga nan, ko da baƙin mai ya samu, sai ya gauraya da nata, yana gaya wa mutane shi ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Duk sa'ad da Tasalla ta ji haka sai daɗi ya rufe ta.

Da kaka, an yi wa motar lodi a Zakka, ta yi tari, ta turnuƙe da hayaƙi, ta tsaya cik kafin Safana. Shanu suka jawo ta gida. Aka kira Sahabi, tsohon soja da ya koyi kanikanci a yaƙin Bama. Tasalla na leƙe daga zaure ya kwance injin. Cikinsa duk ya yi ƙanzo, ja-ja, mai sheƙi, wuƙa ma da kyar take kankare shi.

Sahabi ya shinshina, ya ce, "Malam Badaru, man gyaɗa ka zuba? Wuta ta dafa shi ya daskare, ya toshe hanyoyin mai. Ƙarafan nan a bushe suka yi ta gugar juna. Ba gyara."

"Ko a Kano?"

"Ko a Kano."

Badaru bai ambaci sunan Tasalla a maganar man ba, ranar nan ko bayanta. Tasalla ta so ya yi mata faɗa, ko ta sami sauƙi, bai yi ba. Da bazara ya ɗauki fartanya ya shiga ƙwadago a gonakin Yasore. Ita kuwa ta ci gaba da tuya, don sai an ci abinci, tana juya ƙuliƙuli idonta na zubar da hawaye. In maƙwabta sun tambaya sai ta ce hayaƙi ne.