Tsutsa a Bakin Vern

Tun a mota Marlys ta gama yanke shawara: in Vern ya sake yi mata maganar aure yau, za ta ce to. Ta haura sittin, mijinta ya daɗe da rasuwa, kuma ta gaji da cin abinci ita kaɗai. Da bazara sun zo wannan gandun shaƙatawa tare da mutanen cocinsu, kowa da tantinsa, ta ga Vern mutum ne mai tsabta wanda ko cokali ba ya bari ya kwana da datti.

Yanzu hunturu ne, tafkin da ke gandun ya daskare har motoci na bi ta kansa. Suka shiga 'yar bukkar katakon da Vern ya kafa a kan ƙanƙarar, ya huda rami, suka zauna kamun kifi. Tun safe yake magana ciki-ciki, leɓe a kumbure. Ita ta ɗauka kunya ce.

Sai kifi ya sace abin da ke ƙugiyarta. Vern ya cire safar hannu, ya cusa yatsa ƙarƙashin leɓensa, ya zaro wata farar tsutsa tana motsi, yawu na bin ta. Ya soka mata a ƙugiya.

"Vern! Me na gani?"

"Me fa?"

"Daga bakinka ta fito!"

"To a ina zan ajiye su? A wannan sanyin, in suka sandare kifi ko kallonsu ba ya yi." Ya ja leɓen ƙasa don ta gani. Ga su nan cunkus, suna mutsu-mutsu a kan dasashi. "Haka babana ya yi, ya kai casa'in."

Ta dubi kofin da suka yi ta miƙa wa juna tun hantsi, ta ture shi da ƙafa.

"Kai ƙazamin tsoho! Ka taɓa haɗiye su?"

"Ɗaya-ɗaya dai, in na yi tari. Haba Marlys, ke da kike yanka kaji?"

"Ban taɓa kiwon su a baki ba!"

Ya ga abin na neman lalacewa, sai ya gurfana da ƙyar, gwiwa na ƙara, ya laluba aljihu ya fito da zoben neman aure.

"Tofar da su tukuna," in ji ta. "Duka. Cikin ramin nan. Sannan ka yi magana."

Vern ya dube ta, ya dubi ramin. Kifaye ne ke gilmawa a ƙasa, manya.

"Yanzu fa suka fara ci," ya ce a hankali. "Ki bari zuwa la'asar mana."

Marlys ta miƙe, ta ja hularta ta rufe kunnuwa.

"Miƙo makullin mota. Ka nemi mai kai ka gida."

Ta fito cikin iska, ta ɗebi farar ƙanƙara cike da hannu, tana tafiya tana dirje bakinta.