Murjanin Baba Mainasara

"Cire wayar nan, Shafi'u," in ji Abdulbaƙi, shugaban 'yan sa-kan unguwarmu. "Batirin ma ku fita da shi."

Ina tsaye a bakin ƙofa da kwanon kunun da na kawo wa Baba Mainasara. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma tun da ciwon ƙirji ya kwantar da shi ni nake miƙo masa abin kari kafin in hura wutar ƙosaina. 'Yarsa Alice tana Kaduna, hanya kuwa ba kullum take biyuwa ba.

Tsohon ya yunƙura daga kan katifa. "Ɗana, ka ɗauki rediyo, ka ɗauki fanka. In ka kashe injin nan ruwa zai tsaya, su mutu."

"Su wa za su mutu, Baba?" in ji Abdulbaƙi.

Ya nuna akwatin gilashin da ya tare rabin ɗakin. Da shi ya dawo daga Fatakwal bayan ya bar aikin jirgin ruwa. Ruwan gishiri ne a ciki da duwatsu, a kan duwatsun wasu abubuwa masu taushi kamar naman kaza, kore da ruwan hoda, suna ta buɗe 'yan yatsu suna rufewa. Wai murjani ne. To ni murjanin da na sani a wuya ake rataya shi, ba ya motsi.

Unguwa ta daɗe tana ƙus-ƙus a kansa. Me ya sa fitilar da ke kan akwatin shuɗiya ce, kuma tagar tana kallon daji? Me ke cikin buhunan da mai babur yake kawo masa? Yana cewa gishirin teku ne, amma wa yake sayo gishiri daga Kaduna alhali ga shi a kasuwa? Da mahara suka sake shiga ƙauyen Kakangi suka kwashe mutane, sai magana ta fito fili: fitilar nan alama ce yake yi wa 'yan bindiga. Ni kam ban ce haka ba. Nawa zargin daban ne, na fi zaton iskoki yake kiwo.

Abdulbaƙi ya dangwali buhun ya lasa, ya tofar. "Gishiri ne. Amma batir zai zauna wurinmu sai mun gama bincike."

Inji ya yi shiru. Kafin su kai zaure, abubuwan nan sun fara tsukewa.

"Maman Bushira," Baba Mainasara ya ce da ni, "ara mini ludayi. Wanda bai taɓa mai ko sabulu ba."

Na kawo sabo. Ya ja kujera, ya tsoma shi, yana ɗebo ruwa yana zubawa daga sama. Ya ce in ruwa ba ya motsi shaƙewa suke yi, in babu haske yunwa ta kashe su. Ya sa na buɗe taga, na jiƙa buhu na lulluɓe gefen gilashin saboda zafi.

"Baba, tsakaninka da Allah, me kake samu a wurinsu?"

"Ba komai. Matata ce take son su. Ta rasu ta bar mini."

Na ce to. A raina na ce, kowa ma haka zai faɗa.

Kwanaki ya yi a kujerar nan. Mutumin da ba ya iya ɗaga cokali zuwa bakinsa, sai ga shi yana ta ɗibar ruwa da ludayi. Na yi faɗa har na gaji. Na je wurin Abdulbaƙi roƙon batirin, ya ce, "Inna, ke ma kin cika shiga gidan nan fa." Na dawo bakina a rufe, don na ga yadda matan layinmu suka rage sayen ƙosaina.

Murjanin suka fara narkewa ɗaya bayan ɗaya. Yakan sa in tsamo wanda ya mutu tun kafin ya ɓata ruwan. Wari kamar ruɓaɓɓen kifi. Da ruwa ya ja baya na ɗauko gishiri zan ƙara, ya riƙe hannuna. "A'a, ruwa zalla. Gishiri ba ya tashi sama, yana nan."

Ran Talata da hantsi na shigo da kunu, na same shi kansa jingine da gilashi, hannunsa a cikin ruwa har gwiwa. Ludayi yana yawo a sama. Na kira shi bai amsa ba. Na yi salati, na yi kuka, kukan da ban san ina da shi ba.

Alice ta iso washegari. 'Yan cocinsu suka zo da akwatin gawa, amma daga layinmu mutum nawa ne suka shigo gaisuwa? Ana shirin fita da shi sai ga Shafi'u da batir a kafaɗa. Ya dire shi a tsakar gida.

"Oga ya ce a yi haƙuri. Ba mu ga komai ba."

Alice ta dube shi, ta kau da kai. Aka rasa wanda ya san yadda ake haɗa wayoyin.

'Yan cocin suka ɗauki gawar suna waƙa, gida ya zama wayam. Na leƙa ɗakin don in rufe taga. Duwatsun duk sun yi fari, sai ɗaya can a lungu, ɗan kore, a dunƙule. Har yau ban ce na yarda da abubuwan nan ba. Na yi bisimilla, na tsamo ludayin, na zauna a kujerarsa.

Bushira ta leƙo ta kan katanga. "Inna, wutar ƙosai ta mutu."

"Bar ta," na ce.

Na ɗebo ruwa na zuba, na sake ɗebowa. Can sai ɗan koren ya buɗe yatsa ɗaya.