Mai Sauraron Ƙasa

"A tsayar da zarton nan!"

Muryar Saja ce ta tsallako katanga da rana tsaka. Na ajiye zarto, na kakkaɓe garin katako, na shiga. Shekaru muna maƙwabtaka, ni kafinta, shi tsohon soja.

Na tarar da shi kwance a siminti, kunnensa manne da ƙasa, ga gado a gefe a gyare. Lambar yabonsa na hannunsa, yana ƙwanƙwasa daɓe da gefenta.

Ba a yaƙi ya same ta ba. Makaranta ce ta rufta, ya kutsa cikin ɓaraguzai ya fito da yara da rai. Ya taɓa gaya mini ƙa'idar aikin: a ƙwanƙwasa, kowa ya yi tsit, a saurara. Mai sauraro ba ya tashi sai wani ya karɓe shi.

'Yarsa ta ja ni gefe. "Baba Kafinta, ka yi masa faɗa, kai yake jin maganarka. Likita ya ce babu sauran dabara. Tun jiya yake shan wuya, ya ƙi gado, ya ƙi sakin jiki."

Na tsuguna. "Saja, girma ya kama ka kana birgima a ƙasa? Tashi."

"Kai dai bakinka ya fi gudumarka ƙara," ya ce. "Akwai saura ɗaya. Ina buga masa yana amsawa. In na tafi wa zai ji shi?"

"Yaran nan yanzu sun yi jikoki."

"Waɗanda suka fito ba."

Ban saba biye wa shirme ba, ko na 'ya'yana. Amma na ga yadda yake fizgo numfashi kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Na cire hula, na kwanta kusa da shi, na sa kunne a simintin. Sanyinsa ya ratsa ni har haƙori.

"Na karɓe ka, Saja. Sauka."

"Ka ji shi?"

"Aikina ne yanzu. Ba ruwanka."

Ya turo mini lambar, ya yi salati a hankali. Kafaɗarsa ta saki.

Ba zan ce na ji wani abu ba. Amma ban tashi ba, 'yar tasa ma ba ta ce in tashi ba. Da za ta fita kiran mutane, sai ta cire takalmanta ta riƙe a hannu, ta bi gefen bango da sanɗa.