Biskit ɗin Auta

Da direban nan, baban Auta, ya san abin da ke cikin farar robar nan, da tun a bakin kanti ya juye ta a kwata. Amma tsautsayi ba ya sallama.

Tun da likita ya ce ƙodar 'yarsa Auta ta yi rauni, aka hana ta gishiri, aka hana ta biskit ɗin kanti, abin da ta fi so a duniya. Yarinya ta daina walwala, uban ya rasa sukuni. Yana cikin cigiyar mafita wani mai kanti ya miƙo masa robar.

"Wannan ba gishiri ba ne, maigida, madadinsa ne. Masu hawan jini ma shi suke saya."

Ya dawo gida baki har kunne. Da kansa ya kwaɓa fulawa, ya zuba garin hannu sake, tunda ai ba gishiri ba ne, ya gasa mata biskit. Kullum Auta sai ta ci kafin ta tafi makaranta. Shi kuwa bai taɓa kai shi bakinsa ba, wai rabon mara lafiya ne.

Ranar komawa asibiti ya sa robar a aljihu, don ya nuna wa likita dabararsa. Layi ya yi tsawo, ɗakin jira sai warin maganin goge ƙasa. Auta ta buɗe gwangwanin biskit ɗinta.

"Baba, ɗauki ɗaya. Kukan cikinka ya ishi mutane."

Ya gutsura. Wani ɗaci ya kama masa harshe, kamar ya lashi tsohon makulli mai tsatsa. Yawu ya cika masa baki. Ya tofar a hankici yana kakari.

"Ke! Wannan ƙazantar kike ci kullum?"

"Ni ai komai ɗanɗanon ƙarfe yake min tun da na fara ciwo. Kuma na ga kana jin daɗi in na cinye."

Nas ɗin da ke kiran suna ta jiyo su, ta tambayi me aka sa a ciki. Ya zaro robar. Ta juya bayanta ta karanta, fuskarta ta canza.

"Baban Auta, wa ya haɗa ka da wannan? Sinadarin fotasiyam ne. Mai lafiyar ƙoda fitar da shi yake a fitsari. Ita kuwa taruwa yake a jininta, in ya yi yawa zuciya yake taɓawa. Biskit ɗin gida ba laifi in kaɗan ne, amma ba da wannan ba. Taso, 'yata, mu ɗebi jini yanzu."

Ta ja Auta ciki, ta tsallake layi.

Ya zauna yana kallon hannuwansa, waɗanda suka kwaɓa, suka gasa, suka miƙa mata kowace safiya. Ƙyamar kansa ta kama shi. Ya je famfo ya kurkure baki, ya sake kurkurewa, ɗacin yana nan daram. Ya jefa gwangwanin a kwandon shara, ya dawo benci.

Har yanzu sakamakon jinin bai fito ba, kuma ba wanda ya san yawan abin da ya taru a jikinta.